Yadda ake hawa da kula da keken daji mai batir a taɓon daminar Kaduna

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba, hanyoyin gona da ke kewaye da Kaduna ba irin waɗanda ka sani da rani ba ne. Hanyar da ka bi kana tayar da ƙura a Fabrairu, a Agusta sai ka tarar ta koma caɓi, ruwa ya yanka ta gida biyu. Keken daji mai batir zai ratsa irin wannan hanya, don haka aka ƙera shi, amma yana ɗauke da abu biyu da keken Phoenix na da bai san su ba: nauyi da kayan lantarki. Yawancinsu suna kai kilo 22 zuwa 25, kuma injin da ke zaune tsakanin fedoji, irin Shimano EP8 ko Bosch Performance Line CX, yana ba da ƙarfin juyi wajen Nm 85. A busasshiyar hanya wannan ƙarfi daɗi ne. A taɓo, shi ne zai fara kayar da kai.

Sannan ga maganar kayan gyara. Tib, sifoki, kusoshi, wani lokaci har sarƙa, za ka iya lalubo su a Panteka ko Kasuwar Gumi. Batir na asali ko inji ko ɗan allon da ke kan keken kuwa, da wuya. Yawanci sai oda daga waje, da dala, ga jiran makonni. Ni a ganina kekunan nan sun fi lalacewa a tsakar gida, wajen wanki da caji, fiye da yadda suke lalacewa a daji. Za mu zo kan wannan. Mu fara da hanya tukuna.

Ka san irin taɓon da za ka shiga

Taɓo ba iri ɗaya ba ne. Jar ƙasar hanyar burji, wadda za ka gani da ka fita bayan gari ta Rigachikun ko Kujama ko gefen Millennium City, idan ta sha ruwa samanta ne ke santsi, ƙasanta na nan da tauri. Tana da haɗari ga wanda ya taka birki da ƙarfi, amma ba ta cika riƙe taya ba. Rairayin bakin rafi ba ya santsi sosai, sai dai shi ne ke shiga sarƙa da birki yana cin ƙarfe. Babbar matsala ita ce baƙar lakar fadama. Ita ce ke manne wa taya, ta yi ta taruwa har taya ta daina juyawa.

Lokacin fita ma yana da tasiri. Mutane da yawa suna cewa bari a jira hanya ta ɗan sha iska bayan ruwa ya ɗauke. A fadama wannan kuskure ne. Laka mai ruwa-ruwa taya na watsar da ita da kanta; wadda ta fara tsotsewa ta yi danƙo ita ce ke kamawa. Ko dai ka fita tana jiƙe sosai, ko ka bari sai rana ta gasa ta kwana ɗaya ko biyu.

Kafin ka zaɓi hanya, ka tambayi mutanen yankin halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin dawowarka. Damina ce, gonaki cike suke da masara da shinkafa. Ka tsaya kan hanya ko burtali, kada ka hau kunyar mutane don kauce wa kududdufi. Idan ka tarar da mai gona, ka sauka ka ce "Sannu da aiki, Baba, hanyar nan tana ɓullewa kuwa?" Shi ya san inda rafi ya cika da safe, abin da taswirar waya ba za ta gaya maka ba.

Shirin da ake yi tun a gida

Fara da taya. Ta taɓo tana da dogayen haƙora masu tazara a tsakaninsu, don laka ta sami hanyar fita. Maxxis Shorty da Schwalbe Magic Mary suna cikin waɗanda aka sani da wannan aiki. Faɗin inci 2.4 ya fi 2.6 ko 2.8 dacewa da laka, domin siririyar taya tana nutsawa ta kama ƙasa mai tauri, kuma tana barin sarari tsakaninta da jikin keke. Idan taya ɗaya kawai za ka iya saya, saka ta a gaba. Tayar baya in ta zame kana iya gyarawa. Ta gaba in ta zame ka riga ka kai ƙasa.

Iska kuma a rage ta. Mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a kan taya marar tib, zai iya farawa da psi 22 (psi ma'aunin iskar taya ne) a gaba da 25 a baya, ya ƙara ko ya rage kaɗan-kaɗan har ya ji abin da ya yi masa. Mai tib ya ƙara kamar psi 4 a kai, don kada dutse ya matse tib da rim ya huda shi. A nan ka sayi famfon hannu mai ma'auni ka huta. Mai facin bakin titi ya saba da tayar babur da mota, zai ɗura maka iska har taya ta yi ƙyam, ya danna da yatsa ya ce ta yi. Irin wannan taya a kan jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ba ta kama komai.

Ɗaura ɗan gajeren madigadi na roba a ƙarƙashin shokar gaba. Yana kare idonka, yana kuma kare bakin shoka daga yashi. Dogon madigadi da ke rungume da taya ka cire shi, don a cikinsa laka ke taruwa.

Takalmin birki iri biyu ne: mai taushi na resin da na ƙarfe. Na ƙarfen ya fi ƙara, amma shi ne ke jure yashi da ruwa. Sai dai ka duba jikin faifan birkin, wasu masu araha an rubuta musu cewa resin kaɗai suke ɗauka.

Ka tabbata murfin robar da ke rufe ramin caji ya zauna daram, batir kuma ya kulle ba ya motsi. A jaka ka saka tib ɗaya, famfo, alanki, mahaɗin sarƙa na gaggawa da ya dace da yawan giyarka, tsumma, ruwan sha, da wani ɗan itace ko tsohon buroshin haƙori na ƙwaƙule laka. Hular kwano da tabarau ba a maganarsu, dole ne.

Game da batir, ka san abin da kake ɗauke da shi. Manyan kamfanoni suna rubuta yawan wutar da yake ɗauka kai tsaye da ma'aunin Wh: 500, 625 ko 750. Kekunan Sin masu inji a cibiyar tayar baya sukan rubuta V (bolt) da Ah (amfiya-awa), sai ka ninka su. V 48 sau Ah 13 ya ba ka Wh 624. Nisan da ka saba yi da cikakken caji da rani kada ka yi lissafi da shi, taɓo yana shan wuta fiye da haka nesa ba kusa ba. Ka raba cajin uku: kaso ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda ya taɓa tura kilo 25 a cikin laka ba ya buƙatar a maimaita masa wannan.

A kan hanya

Kunna keken kana tsaye, ƙafarka ba ta kan feda. Injin yana auna ƙarfin takunka ne daga sifiri a daidai lokacin kunnawa, kuma na Shimano zai nuna maka lambar gargaɗi W013 a allo idan ya ji nauyi a feda. In hakan ta faru, kashe ka sake kunnawa.

Da ka shiga taɓo, sauko da ƙarfin inji. Matakin ƙarfi mafi girma, wato Turbo na Bosch da Boost na Shimano, na busasshen tudu ne. A santsi suna sa tayar baya ta yi ta wulwulawa a wuri ɗaya tana haƙa rami. Ƙananan matakai, Eco ko Tour ko Trail, sun isa. Saka giya mai sauƙi, ƙafarka ta riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti, a jere, ba tare da fizga ba. Idan za ka canza giya, ka sassauta taku na ɗan lokaci har sarƙa ta hau. Canza giya inji na ja, ga yashi a sarƙa, shi ke tsinka ta a tsakiyar daji.

Wajen hawa tudu mai santsi, ka zauna a sirdi. Da ka miƙe tsaye, nauyi ya bar tayar baya, sai ta zame. Ka ɗan matso bakin sirdin, ka sunkuyar da ƙirji don kada gaba ta ɗaga. In ka tsaya a tsakiyar tudu, kada ka yi ta kokawar tashi a wurin. Karkata keken ya gitta hanyar, ka tashi a hankali da Eco, sannan ka miƙe.

Gangara kuwa, sauke sirdi, tashi tsaye, fedoji a daidaice, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Birki da yatsa ɗaya, tun da wuri, kuma kana kan miƙaƙƙiyar hanya. Ka gama rage gudu kafin kwana, a cikin kwanar ka saki birkin gaba. Jiƙaƙƙen faifai ba ya kamawa nan take, sai ya yi juyi ɗaya ko biyu ya share ruwan, don haka bayan kowane kududdufi ka ɗan taɓa birki ya bushe. Idan keken ya fara 'yar rawa a ƙarƙashinka, ka bar shi ya yi, idonka na kan inda kake son zuwa. Ƙanƙame kan keke shi ke jawo faɗuwa.

Sawun da babura da motocin ɗaukar yashi suka haƙa a hanya yana da tarko. In ka faɗa cikinsa kada ka yi ƙoƙarin fita ta gefe, bangon ramin zai ɗauke tayar gaba. Bi shi har inda ya baje. Ka kuma lura da feda, don a rami mai zurfi tana dukan gefe. Inda akwai ciyawa ko tsakuwa a gefen hanya, nan ne taya ta fi kamawa. Saiwar itace da jiƙaƙƙen falalen dutse kuma a haye su a miƙe, ba birki, ba taku.

Ruwa yana da doka ɗaya: kada ya kai inji, ko cibiyar taya ga mai inji a baya. An yi kayan nan su jure ruwan sama da fantsama, ba a yi su don nutso ba. Jan ruwa ba ya nuna zurfinsa, saboda haka sauka ka gwada da sanda. In ya wuce ƙa'ida kuma dole sai an haye, kashe keken, ku biyu ku ɗaga shi sama. Rafi mai gudu bayan ruwan dare kuwa, musamman waɗanda ke zuba cikin Kogin Kaduna a Agusta da Satumba, juyawa ake yi a koma. Ka kuma rage tsoma ƙafa a kwantaccen ruwa ba dalili, a irinsa ake ɗaukar tsargiya.

Idan ka ji keken ya yi nauyi, taya na gurnani, tsaya nan take. Laka ce ta cika tsakanin taya da jikin keke. Ci gaba da matsa wa inji a haka yana zafafa shi, yana cinye fenti, kuma yana iya karya hannun giyar baya. Kashe wuta tukuna, sannan ka sa itace ka ƙwaƙule. Kada ka taɓa sa yatsa kusa da sarƙa keken na kunne. In wurin ya fi ƙarfin hawa, yawancin kekunan suna da maɓallin turawa da ke jan keken a hankali, ƙasa da kilomita 6 a awa, kana tafe a gefensa.

Wanki

Nan ne ake yin ɓarna. Ka dawo a gajiye, ga wurin wankin mota a bakin layi, yaro ya taso da bindigar ruwa yana cewa "Oga, kawo in fesa maka, minti biyu ya fita fes." Zai fita fes ɗin kuwa. Amma wannan ruwa mai ƙarfi yana ratsa robobin da ke tsare boris na inji da na cibiyar taya da na gaɓoɓin shokar baya, ya kori giris, ya bar ruwa da yashi a ciki. Ba za ka ji komai ba a ranar. Bayan 'yan makonni sai ƙara ta fara. In dole ne a can za a wanke, ka ce masa "Ɗan'uwa, ajiye injin, ɗauko bokiti da soso," kuma ka tsaya a kansa.

Ka wanke a ranar, tun laka na ɗanye. Jar ƙasa in ta bushe sai an kankare, kankarewa kuma ita ke cinye fenti. Kashe keken. Cire allon in mai ciruwa ne, in ba haka ba rufe shi da leda. Batir mai fita a cire shi a ajiye gefe, kamar yadda Bosch ke ba da shawara, a goge shi da tsumma mai ɗan laima kawai. Wanda aka gina a cikin jikin keke a bar shi, a tabbata murfin caji a rufe yake. Keken ya tsaya a kan tayoyinsa. Kada ka kifa shi, don ramukan da aka yi wa ruwa ya fita suna ƙasa ne, in ka juya shi ruwan ya koma inda bai kamata ba.

Kwara ruwa da buta ko tiyo marar ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, laka ta jiƙa ta zube da kanta. Sai sabulun wanke-wanke kaɗan a bokiti, da soso mai laushi. Buroshin da ka wanke sarƙa da shi kada ya kusanci faifan birki. Fetur da kalanzir, waɗanda masu gyaran babur ke wanke komai da su, suna cin roba, kuma in suka taɓa takalmin birki ya tashi aiki.

Akwai wurare uku da ake mantawa. Na farko, bayan faifan sarƙa na gaba, inda ciyawa da laka ke naɗewa a bakin inji. Na biyu, sandunan shoka masu sheƙi da sandar sirdi mai sauka: goge su, ka danna shokar sau biyu-uku, za ka ga zoben datti ya fito, ka sake gogewa. Na uku shi ne ɗan maganaɗisun da ke jikin sifok ɗin tayar baya ko a faifan birki, wanda inji ke gane gudun keke da shi. In laka ta rufe shi ko ya goce, injin zai riƙa yankewa, Bosch ya nuna 503, Shimano ya nuna W011. Mutane sukan tsorata su ɗauka inji ya mutu, alhali gogewa ce da mayar da shi saitin alamarsa.

Bayan ɗauraya, ɗaga keken ka ɗan buga shi a ƙasa ruwa ya zube, ka bi shi da busasshen tsumma, ka bar shi a inuwa mai iska. Mazaunin batir ya bushe ƙarau kafin batir ya koma.

Sarƙa da birki

Yashi in ya haɗu da mai, dutsen niƙa ka ɗaura wa sarƙarka, kuma ƙarfin inji yana ƙara saurin cin. Saboda haka sai ta fita tas ta bushe sannan a sa mai. Za ka lura cewa a keke mai inji a tsakiya, in ka juya feda baya sarƙa ba ta motsi. Dabarar ita ce ka soka alanki a ɗaya daga kusoshin faifan gaba, hannun feda ya tokare shi, sai sarƙa ta bi. Ko wani ya ɗaga maka tayar baya. Ɗiga man sarƙa na damina ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ta ciki, ka bar shi ya ratsa, sannan ka goge na waje sosai har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Baƙin man da aka juye daga inji kada ya zo kusa, cike yake da garin ƙarfe.

Ka riƙa auna sarƙa duk bayan 'yan fita. Da ma'aunin sarƙa, mai giya 11 ko 12 ya canza ta idan ta kai alamar 0.5, mai giya 10 zuwa ƙasa a 0.75. In babu ma'auni, ruler ma ta yi: cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, wato milimita 305 kusan, in sun zarce da milimita ɗaya da rabi, lokaci ya yi. Wanda ya yi jinkiri zai sayi sarƙa da haƙoran giya gaba ɗaya.

Leƙa takalmin birki da tocila bayan kowace fitar taɓo. Idan abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, canza. Faifan ma yana da iyaka a rubuce a jikinsa; na Shimano milimita 1.5 ne. Goge shi da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta. Sabon takalmi kuma sai an zaunar da shi: a kan kwalta, ka ɗauki gudu ka rage da ƙarfi ba tare da tsayawa cak ba, ka maimaita har ka ji ya fara cizo. In birkin ya yi laushi aka ce sai an ƙara mai, ka tsaya ka ga abin da za a zuba. Birkin Shimano man ma'adini yake sha, man birkin mota zai kumbura robobinsa ya kashe shi. Na kamfanin SRAM kuwa wasu DOT suke sha, wato irin man birkin mota, wasu kuma man ma'adini. A kan murfin an rubuta.

Batir da caji

Kada ka jona caji da dawowarka. Bari batir ya huce, ka duba ramin caji babu laima. Yi amfani da cajarsa ta asali kawai, ko da wata ta shiga ramin. Cajar Bosch mai amfiya 4 tana cika batir na Wh 625 cikin kusan awa biyar, don haka ka tsara shi da rana, kana gida, a kan siminti, nesa da katifa da labule da ƙofar fita. Wutarmu kuwa ka san halinta. In an ɗauke, zare cajar, kada ta sha dukan dawowar wuta. Sitabilaiza ko inbata ta sola sun fi ƙaramin janareta mai hawa da sauka aminci.

Batirin da ya nutse a ruwa, ko ya fashe a faɗuwa, ko ya kumbura, ko yake wani wari, ba a jona shi don a gwada. Fitar da shi waje, wuri mai inuwa da babu abin da zai kama wuta, ka nemi wanda ya san batirin lithium da gaske. Kada a buɗe shi a teburin gyaran waya. In za ka ajiye keken wata guda ko fiye, bar cajin tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100, a ɗaki mai sanyi. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ko a but ɗin mota yana tsufar da batir tun bai yi aiki ba.

Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, ka yi wa keken babban dubawa. Kama kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ka saurari ƙwas-ƙwas. Duk inda ya yi, boris ne ke neman giris ko canji. Kamfanin shoka na RockShox na son a buɗe ƙafafun shokar gaba a sabunta mai duk bayan awa 50 na hawa, kuma damina ɗaya a jar ƙasa ta isa dalili. Ruwan facin da ke cikin taya marar tib yana bushewa cikin 'yan watanni, da sauri ma a zafinmu, sai a ƙara. Murfin cikin inji dai kada kowa ya kwance shi da sunan wankewa. Sannan ka wanke man damina daga sarƙa tas, ka koma man rani marar danƙo kafin ƙurar hunturu ta sauka a Nuwamba, ka mayar da iskar taya yadda take.